ZAƁEN INJIN GAS NA MOTAR A-KORI-KURA: DARASI DAGA HANYOYIN MAIDUGURI

Gabatarwa

Motar a-kori-kura ita ce jakin zamani. A Maiduguri, babban birnin Jihar Borno, ita ce ke kai kaya inda babbar mota ba ta shiga: gero da wake daga ƙauyuka, busasshen kifi daga yankin Tafkin Chadi, da magani da abinci zuwa Monguno, Dikwa da Gamboru. Mutum yakan tara dukiyar shekaru kafin ya sayi guda ɗaya. In ya yi kuskuren zaɓen inji, sai jarinsa ya kwanta a gareji. Wannan darasi yana nuna cewa injin da ya fi dacewa shi ne wanda zai jure wa mai da ƙura da zafin wurin da zai yi aiki, kuma a sami mai gyaransa kusa, ko da akwai wanda ya fi shi ƙarfi.

Yadda injin gas yake aiki

Man dizal shi ne wanda direbobi ke kira gas. Sunan ya samo asali daga Rudolf Diesel, Bajamushen da ya kammala injinsa a 1897. Wannan inji ba ya bukatar fulogin tartsatsi kamar na fetur. Fistan ne ke matse iska cikin silinda har ta yi zafi ƙwarai, sa'an nan nozul ya fesa mai, man ya kama da kansa. Saboda haka yana da ƙarfin jan kaya tun yana juyi a hankali, kuma ya fi na fetur tattalin mai. A da, tallafin gwamnati ya sa fetur ya fi gas araha, shi ya sa a-kori-kura da yawa a Nijeriya na fetur ne. Tun da aka janye tallafin a watan Mayu na 2023, ya zama wajibi mai saye ya sake lissafi.

Abin da ƙasar Borno ke nema

Abubuwa huɗu ne ke gwada inji a wannan yanki. Na farko zafi, domin a watan Afrilu yakan wuce digiri 40. Na biyu ƙurar hunturu, wadda ke toshe matatar iska, in kuwa ta kutsa ciki sai ta cinye silinda. Na uku rairayin arewa da kuma firgi, wato baƙar ƙasar nan ta wajen Dikwa da Ngala mai kama taya da damina. Na huɗu nisa: daga Maiduguri zuwa Kano wajen kilomita 600 ne, kayan gyaran da babu a gari kuwa daga can ko daga Legas za a aiko da shi.

Iri biyu na inji

Iri na farko shi ne tsohon tsari, wanda famfon ƙarfe ke raba wa nozul mai ba tare da kwamfuta ba. Misalinsa 1HZ na kamfanin Toyota, wanda ya fito a 1990: silinda shida, lita 4.2, ƙarfin doki kamar 130, kuma ba shi da turbo. Ana samunsa a Land Cruiser 79. Ba shi da gudu, yana kuma nauyi a hawa, amma yana da haƙuri da man da ba shi da tsabta sosai, kuma kanikawa da yawa sun san cikinsa.

Iri na biyu shi ne sabon tsari, mai bututun mai guda ɗaya da kwamfuta ke sarrafawa. Misalansa 1VD mai silinda takwas da lita 4.5, wanda ya fito a 2007, da 1GD mai silinda huɗu da lita 2.8, wanda aka fara sa wa Hilux a 2015. Duk da ƙanƙantarsa, sabon samfurin 1GD yana ba da ƙarfin doki kamar 200, hayaƙinsa kuma kaɗan ne. Sai dai yana fesa mai da matsi mai tsanani ta ramuka siraran gaske, don haka ɗan ruwa ko yashi a cikin mai na iya kashe nozul da famfo gaba ɗaya. Gano cutarsa kuma sai da na'urar bincike da bakaniken da ya koyi aiki da ita.

Saboda haka mai shiga daji, mai sayen gas a jarka, tsohon tsari ya fi masa kwanciyar hankali. Wanda kuwa zirga-zirgarsa kan kwalta take, tsakanin Maiduguri, Damaturu da Kano, kuma yana shan mai a gidan mai amintacce, sabon tsari zai biya masa bukata.

Maganar farar wuta

Man gas yana ɗauke da sinadarin farar wuta. Ƙasashen Tarayyar Turai sun rage shi zuwa kashi 10 cikin miliyan tun 2009, ƙungiyar ECOWAS kuma ta amince da kashi 50 cikin miliyan a 2020. Motocin da aka ƙera domin Turai suna da matatar hayaƙi a salansa, wadda ke toshewa in farar wuta ta yi yawa. Ya kamata mai sayen mota 'yar Kwatano ya tambayi kasuwar da aka ƙera ta dominta kafin ya biya kuɗi.

Daga wa za a saya?

Hanya ta farko ita ce wakilan kamfani, kamar Toyota (Nigeria) Limited a Legas da dillalansa, ko Coscharis Motors mai sayar da Ford. Akwai kuma Innoson, wanda ke harhaɗa motoci a Nnewi. Kuɗinsu ya fi yawa, amma suna ba da garanti. Hanya ta biyu ita ce 'yan kasuwar tsofaffin motoci da injuna. A nan araha ba ta ado, don haka a kiyaye waɗannan:

1. A daidaita lambar inji da lambar jikin mota da abin da ke cikin takardun kwastan.
2. A tayar da injin yana sanyi. Shuɗin hayaƙi alamar cin baƙin mai ne, farin da ba ya yankewa kuwa alamar ruwa ne ko lalacewar nozul.
3. A duba baƙin mai. In ya yi kalar madara, ruwa ya shiga.
4. A nemi alamar laka ƙarƙashin kujeru da cikin wayoyi, domin ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar Alau a Satumba 2024 ta nutsar da motoci da yawa a Maiduguri.
5. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar inji.

Tarihi ma yana da darasi. Abin da ya sa a-kori-kurar Peugeot 504 ta daɗe a hanyoyinmu shi ne a da ana harhaɗa ta a Kaduna, inda aka buɗe masana'antar Peugeot a 1975, kayan gyaranta kuma suna kowace kasuwa.

Abin tunawa

Kafin a tambayi ƙarfin inji, a tambayi abu uku: wane mai zai sha, wa zai gyara shi, kuma daga ina kayan gyaransa za su zo. Bayan saye, a riƙa kakkaɓe matatar iska, a tsiyaye ruwa daga matatar mai, a canza baƙin mai kan lokaci, kada kuma a ɗora kaya fiye da ƙima. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya.