Darasi: Diyyar Ladabtarwa da Lissafinta a Kotunan Amurka

Ɗalibai, a shari'ar da ba ta laifi ba, kotun Amurka tana iya yanke kuɗi iri biyu. Na farko diyyar asara, wadda ke biyan mai ƙara abin da ya rasa. Na biyu diyyar ladabtarwa, wadda ake ɗorawa don a ja kunnen mai ɓarna, wasu kuma su shiga taitayinsu. A kan ta biyun ake ja-in-ja wajen gyaran doka.

Mu ɗauki shari'ar BMW da Gore. Wani likita a jihar Alabama, Ira Gore, ya sayi sabuwar mota, daga baya ya gano an sake mata fenti kafin a sayar masa. Kamfanin yana da tsarin yin shiru muddin kuɗin gyara bai kai kashi 3 cikin 100 na farashin mota ba. An ƙiyasta asarar likitan dala 4,000. Ku rubuta wannan lissafin: motoci kusan 1,000 aka sayar a haka a faɗin ƙasar, sai aka ninka da dala 4,000, aka sami dala miliyan 4 a matsayin diyyar ladabtarwa. Kotun jihar ta rage zuwa miliyan 2, amma a 1996 Kotun Ƙoli ta ce har yanzu an wuce gona da iri. Ta kafa ma'auni uku: munin aikin, tazarar da ke tsakanin ladabtarwa da asara, da tarar da doka ta tanada ga makamancin laifin. A ƙarshe dala 50,000 aka tsayar.

A 2003, a shari'ar State Farm da Campbell, kotun ta ƙara da cewa da wuya ladabtarwar da ta kai ninkin asara sau goma ta karɓu. Wasu jihohi sun yanke iyaka kai tsaye; a Bajiniya ba a wuce dala 350,000.

To, ga inda gizo ke saƙar. A ce kamfani yana cutar mutum goma, ɗaya tak ke ganewa ya kai ƙara. Idan asarar wannan ɗayan kawai zai biya, ya ci ribar tara. Kafin ya ji a jikinsa, sai an ninka sau goma ko fiye, wato daidai wurin da dokar ninki ta taka birki. A ganina ƙayyade ninki yana da amfani idan ɓarnar a fili take. Idan ƙarama ce, ɓoyayya, ta shafi jama'a da yawa, kamfani zai sa tarar cikin kuɗin gudanarwa ya ci gaba da harkarsa.

Aikin gida: idan mutum ɗaya cikin 25 ke kai ƙara, asarar kowa dala 2,000, nawa ya kamata a yanke?