Rabon Aiki Tsakanin Ƙwaƙwalwa da Laka Wajen Sarrafa Jiki

Masana suna ɗaukar ƙwaƙwalwa da laka a matsayin cibiya guda, wadda jijiyoyi suke fitowa daga gare ta bibbiyu, dama da hagu: 12 daga ƙwaƙwalwa a kowane ɓangare, 31 kuma daga laka. Laka ita ce igiyar nan mai taushi da ke cikin ramin ƙashin baya, tsawonta kimanin santimita 45 a jikin baligi. An saba ɗaukarta a matsayin 'yar aike kawai, alhali ita ma tana yanke hukunci.

Idan mutum ya taka ƙaya, saƙon yakan bi jijiya ya shiga laka. Nan take laka ta umurci tsokar ƙafar ta janye, ta kuma ƙarfafa ɗaya ƙafar don kada mutum ya faɗi. Sai bayan haka labarin yake isa ƙwaƙwalwa a ji zafi. Wato janyewa ta riga jin ciwo. Bature Charles Sherrington na Ingila ya yi zurfin nazari a kan irin wannan martani, ya kuma sami kyautar Nobel a 1932.

Numfashi kuwa a hannun tushen ƙwaƙwalwa yake, wurin da take haɗuwa da laka. Nan ake lura da yawan gurɓatacciyar iska a cikin jini, shi ya sa mai riƙe numfashi da gangan ba ya daɗewa sai ya saki. A wannan wuri ne kuma mafi yawan hanyoyin umurnin motsi suke gicciyewa, don haka lahani a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa yakan shanye ɓarin dama na jiki.

Inda laka ta yanke, abin da ke ƙasa da wurin ya fita daga ikon ƙwaƙwalwa. Rauni a ƙasan baya yakan ɗauke ƙafafu da ikon riƙe fitsari. A wuya kuwa har da hannuwa. Idan ya kai saman gaɓar wuya ta uku, tsokar numfashi ma takan tsaya, domin jijiyarta daga gaɓa ta uku zuwa ta biyar take fitowa. Saboda haka ciccibar wanda ya yi haɗarin babur cikin gaggawa, kansa yana lilo, kuskure ne babba komai kyawun niyya, domin karyayyen ƙashi yana iya datse lakar da haɗarin ya bari lafiya. Abin da ya dace shi ne a riƙe kai da wuya su miƙe daidai da baya, a kwantar da shi a kan abu mai tauri kafin a ɗaga.