Darasi: Idan Kwamfuta Ta Yi Nauyi, Faifai Ne Ko Waya?

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi tsofaffin kwamfutocin nan na hannu da ke makarantunmu da ofisoshin ƙungiyoyinmu na zango, waɗanda a cikinsu muke ajiye sunayen ɗalibai da sakamakon jarrabawa. Da zarar ɗaya ta fara nauyi sai a ce a goge komai a sake zuba Windows. Mu dai ba mu ga hikimar wannan gaggawa ba, domin nauyin yakan fito ne ko daga faifan ajiya na cikinta, ko daga hanyar da ta haɗa ta da uwar kwamfuta, wato wadda ke riƙe da jakar fayilolin da kowa ke buɗewa.

To, yaya za mu bambance? Mu kwafi babban fayil guda daga wata jaka zuwa wata a cikin kwamfutar kanta, sa'an nan mu kwafo irinsa daga uwar kwamfuta. Idan na farkon ma ya ja lokaci, faifai ne abin tuhuma. Idan na biyun ne kaɗai, sai mu koma wajen waya.

Faifan da yana juyawa ne sau 5400 ko 7200 a minti, kuma yana rubuta rahoton lafiyarsa da kansa, ana ce da shi SMART. CrystalDiskInfo a Windows, ko smartctl a Linux, za su karanta mana shi. Abin dubawa shi ne adadin gurabun da suka lalace aka musanya su. Idan adadin yana ƙaruwa mako bayan mako, ko kuwa muna jin faifan yana ƙas-ƙas, to a dakatar da kowane gyara, a fara kwashe fayiloli zuwa wani wuri. Sa faifai mai ciwo aikin tattara fayiloli ko dogon bincike yana iya ƙarasa shi. Ɗaukewar wuta irin ta dumso a tsakiyar rubutu ma ba ta yi masa daɗi.

Wani lokaci kuwa faifan lafiyarsa lau. Windows XP tana da wata ɗabi'a: idan ta gamu da kuskure sau 6 wajen magana da faifai, sai ta bar hanya mai sauri ta DMA ta koma PIO mai tafiyar hawainiya, ta zauna a can. A canja faffaɗar wayar faifan, a cire tashar IDE a Device Manager, a kunna kwamfutar daga farko.

Mu dawo kan waya. A cikin kebul akwai silli 8, kuma gudun gigabit yana bukatar dukkansu. Ɗaya ya tsinke, gudu yana iya faɗowa zuwa megabit 100, wato kusan megabait 12 a daƙiƙa. Idan kuma XP ta kasa buɗe jakar sabuwar kwamfuta sam, dalili shi ne SMB1 kawai ta iya, shi kuwa Microsoft ta daina sa shi kai tsaye a Windows 10 tun 2017, shekarar da WannaCry ta bi ta cikinsa ta kulle fayilolin jama'a a duniya. Ba mu ba da shawarar a dawo da shi ba.

Masu Linux da ke jona jaka ta NFS, wadda kamfanin Sun ya ƙirƙiro a 1984, su lura cewa idan uwar kwamfuta a kashe take, tasu za ta tsaya jira har daƙiƙa 90 wajen tashi. Kalmar nofail a layin jakar cikin /etc/fstab tana kawar da wannan. Amma kada a yi saurin mayar da hard zuwa soft don gudun tsayawa: hard tana jira har uwar ta dawo, soft kuwa tana haƙura ta saki, kuma makin da malami yake cikin rubutawa yana iya salwanta. Jakar da karatu kawai ake yi a cikinta ita ce ta dace da soft.