Sakin Fatar Wuya Bayan Rama: Shawarwari Goma Ga Iyalanmu Na Bahri Da Umdurman

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, da wuya a sami gida a Bahri, Umdurman ko Khartum da rama ba ta taɓa wani a cikinsa ba. Wasu sun yi watanni ba su da abin kaiwa baki sai na takiyya, wato wurin rabon abincin sadaka na unguwa, wasu zazzaɓin cizon sauro ko kwalara ne ya zuge su. Akwai kuma waɗanda suka rage ƙiba da gangan bisa shawarar likita, ko aka yi musu tiyatar rage tumbi a Alƙahira. Tun daga 2025 jama'a suka fara komawa gidajensu, biki da suna sun dawo, sai mace ta dubi madubi ta ga fatar ƙarƙashin haɓarta ta saki tana reto. Maza ma abin bai bar su ba, gemu ne kawai ke rufa wa wasu asiri.

Fatar wuya siririya ce, shi ya sa take saurin tona asirin rama. Abin da ke riƙe da ita wasu zaruruwa ne guda biyu, kolajin mai ba ta ƙarfi da elastin mai sa ta koma mazauninta idan an ja ta. Ƙiba ta shekaru tana gajiyar da su, shekaru da zafin rana suna ƙara cinye su. Masu tallar magani sun san damuwar da wannan ke sa wa mace, kuma da ita suke cin kasuwa. Ga abin da ya kamata kowane gida ya sani kafin a fitar da ko fam ɗaya.

1. A fara da sanin dalilin ramar

Idan kin san kin rage abinci ne ko kin sha wahalar gudun hijira, dalili a bayyane yake. Amma idan kina ci kina ƙoshi jiki na ta zubewa, to maganar ado ta dakata tukuna. Likitoci na ɗaukar zubewar kashi 5 cikin 100 na nauyin jiki a tsakanin wata 6 zuwa 12 ba da niyya ba a matsayin abin bincike. Mai kilo 70 da ta zubar da kilo 4 haka kawai ta shiga wannan sahu. Ciwon suga, tarin fuka, cutar maƙoƙo mai sa bugun zuciya da yawan gumi, tsutsar ciki, damuwa mai tsanani, har da ciwon daji, duk suna iya fara bayyana da rama. Awon suga, awon jini da na maƙoƙo su ne matakin farko.

2. Ki gane abin da ke ƙarƙashin haɓarki

Ba kowane reto ne fata ba, kuma maganin wani yana iya ɓata wani. Ki tsaya gaban madubi da hasken rana, ki kama ƙarƙashin haɓa da yatsu biyu. Idan abin da kika kama siriri ne, yatsun suna kusan haɗuwa, kika sake shi bai koma da sauri ba, fata ce ta yi yawa. Idan ya cika yatsu, mai kauri da taushi, sauran kitse ne. Sannan ki cije haƙora ki ja gefen baki ƙasa: idan igiyoyi biyu suka miƙe daga haɓa zuwa ƙashin wuya, naman da ke shimfiɗe ƙarƙashin fatar ne ya saki. Daga ƙarshe ki kurɓi ruwa ki haɗiye kina kallo. Kumburin da ya hau sama ya sauko tare da haɗiya alamar maƙoƙo ce, wanda ya daɗe yana damun Sudan saboda ƙarancin aidin a abinci, kuma rama kan fito da shi fili. Shi da kaluluwar da ta wuce mako biyu ba ta baje ba, asibiti za a kai su, ba shagon gyaran jiki ba.

3. A ba jiki lokaci, a ba shi abinci

Fata tana komawa a hankali, musamman ga mai ƙuruciya da wadda ƙibarta ba ta daɗe ba. Likitocin tiyata ba sa son taɓa fata sai nauyi ya tsaya wuri ɗaya na aƙalla wata 6, wadda aka yi wa tiyatar rage tumbi kuwa sai ta jira wata 12 zuwa 18. Wadda yunwa ta ramar, sau da yawa da ta koma cin abinci mai kyau wuyan ke cikowa da kansa. Jiki na gina kolajin ne da abinci mai gina jiki da kuma bitamin C, kuma duk suna kasuwarmu: ful, adas, ƙwai, madara, dakwar gyaɗa, kifin Nilu irin na kasuwar Maurada, da agashe idan da hali. A haɗa da ruwan ɗan kuka, wato gongolez, da lemun tsami da gwaiba. Matar da ta daina al'ada ta sani cewa fata na rasa kusan kashi 30 cikin 100 na kolajin ɗinta a shekaru 5 na farko, don haka komawar tata ba za ta kai ta budurwa ba, kuma wannan ba laifin kowa ba ne.

4. A nisanci ƙwayoyin ƙiba

Wannan shi ne tarkon da ya fi kama 'yan matanmu, musamman amare. Ƙwayar da ake kira Abu Najma a nan, ake ce wa irinta sha-ka-fashe a Kano, yawanci dexamethasone ce, maganin da likita ke bayarwa don cututtuka masu nauyi. Tana kumbura fuska da bayan wuya da ciki, cikin 'yan makonni a ga kamar fatar ta cika. A ƙarƙashi kuwa tana hana jiki ƙera kolajin, fata ta ƙara sirancewa, ta yi nankarwa, rauni ya daina saurin warkewa. Ga hawan jini, ga ciwon suga, ga raunin ƙashi. Ranar da aka daina, kumburin zai sace, fatar ta fi da saki. Wadda ta riga ta yi makonni tana sha kada ta yanke rana ɗaya, domin hakan na iya jefa ta cikin mummunan hali. Ta je wurin likita ya rage mata a hankali.

5. Man haɗi yana ƙara ɓata wuya

Man da ake aunawa da cokali a shagunan gadar-zurufak, ko a zuba a roba ba suna ba kwanan wata, ba wanda ya san abin da ke ciki. Sau da yawa akwai clobetasol, sinadarin da ke cikin Dermovate, ko hydroquinone, wani lokaci har da makyuri mai lalata ƙoda. Clobetasol ɗan'uwan ƙwayar da muka ambata ne, yana cinye kaurin fata har jijiyoyi su fito, wuya kuwa da ma ba shi da kaurin da zai yi asara. Ko a Sa'ad Gishra kika saya ko a Suk Libiya, ki nemi mai kwali da sunan kamfani da ranar lalacewa, magani kuma a saye shi a kantin magani mai lasisi.

Mayukan da aka tabbatar suna ɗan taimakawa su ne masu retinol, ko tretinoin da likitan fata ke rubutawa. Suna rage ƙananan tamoji bayan wata 3 zuwa 6, ana shafa ɗan kaɗan da dare, kuma mai ciki ko mai neman ciki ba ta amfani da su. Sai man kare rana mai lamba 30 ko fiye, a wuya da ƙirji. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Mayu, jan gefen lafaya a rufe wuya idan za a fita kariya ce ta gaske, kuma kyauta.

6. Dilka da dukhan suna da iyakarsu

Dilka na cire matacciyar fata ta bar jiki sumul. Dukhan, wato hayaƙin itacen talih, na sa ƙamshi da launi, zufar da ake yi kuma kan sa a ji jiki ya ɗaure na ɗan lokaci. Al'ada ce mai kyau ga mai so, amma ba ta rage fatar da ta yi yawa. Kada a goge wuya da ƙarfi, domin gurza na baƙanta shi. Mai asma da mai ciki su haƙura da hayaƙin.

7. Na'urori da allurai na ƙaramin saki ne

Rigar da aka ɗinka wa mai jiki, idan ta yi wa mutum yawa, guga na iya miƙar da tamojinta, amma ragi sai tela. Haka na'urorin ɗaure fata suke. HIFU na aika sautin da kunne ba ya ji ya ɗumama can ƙarƙashin fata don jiki ya ƙera sabon kolajin. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da samfurin Ultherapy don wuya da ƙarƙashin haɓa a 2012. Akwai kuma na'urar da ke ɗumamawa da igiyar rediyo. Sakamakonsu na fitowa ne bayan wata 2 zuwa 6, kaɗan ne, kuma yana buƙatar maimaici. Waɗannan biyun sun fi dacewa da baƙar fata fiye da lezar da ke ƙone saman fata, wadda kan bar mana baƙin tabo.

Allurar Botox na kwantar da igiyoyin naman wuya na wata 3 zuwa 4, ba ta rage fata. Ana adana ta a firji, don haka a garin da wuta ke yawan ɗaukewa ki tambayi yadda aka ajiye ta, a buɗe kwalbar a gabanki. Jabunta ta kwantar da mutane a asibiti a Amurka a 2024. Zaren da ake sakawa ƙarƙashin fata narkewa yake cikin watanni, aikinsa ba ya daɗewa, kuma a siririn wuya yana iya fitowa ko ya yi ƙulli. Allurar narkar da kitse da zuƙe kitse kuwa na mai kitse ne. Wadda fata ce ta yi mata yawa, idan aka cire ɗan kitsen da ya rage, reton ƙaruwa zai yi.

8. Tiyata ce kaɗai ke cire fata, amma ba wasa ba ce

Idan fatar ta yi yawa sosai, ko tana naɗewa tana tara gumi da ƙuraje, tiyata ce maganin da ke daɗewa. Likita na yanka ta gefen kunne zuwa bayansa, wani lokaci da ƙarƙashin haɓa, ya ɗaure naman, ya yanke rarar fata. Kumburi na ɗaukar mako 2 zuwa 3. Babban haɗarinta taruwar jini ƙarƙashin fata a kwanan farko, wanda a wuya yana iya danne hanyar numfashi. Haka nan ana iya taɓa jijiyar da ke motsa leɓen ƙasa, baki ya karkace na wani lokaci. Dole a daidaita hawan jini da suga, a magance ƙarancin jini, a bar sigari, shisha da tumbak aƙalla mako 4 kafin aiki da bayansa, domin nikotin na hana jini isa ga fatar da aka ɗinke.

Kafin komai, ki duba tsofaffin tabbanki: hujin kunne, wurin allurar rigakafi a dantse, ɗinkin haihuwa. Idan akwai wanda ya tsiro ya yi tudu mai ƙaiƙayi, ya wuce iyakar raunin, jikinki na yin tabo mai tsiro. Baƙar fata ta fi yin sa, kunne da muƙamuƙi kuma suna cikin wuraren da ya fi so. Ki nuna wa likita, ki kuma faɗa masa idan akwai mai irinsa a dangi. Ga mai irin wannan jiki, tabon na iya fin reton muni.

9. A binciki mai aikin kafin a miƙa masa wuya

Likitoci da yawa sun bar ƙasar saboda yaƙi, gurbinsu kuma ya jawo masu farar riga da ba su san ƙofar makarantar likitanci ba. Likitan gaske yana da rajista da Majalisar Likitoci ta Sudan, maganin gaske kuma yana da rajista da Hukumar Magunguna da Guba ta Ƙasa. Allura da zare aikin likitan fata ne ko likitan tiyatar gyaran jiki, ba na mai kitso ko mai lalle ba, komai gwanintarta a sana'arta. Ki tambaya: sau nawa ya yi wannan aiki a baƙar fata, wa zai ba da maganin barci, akwai janareto da iskar numfashi da jini, wa za a kira idan wuya ya kumbura da tsakar dare? Hotunan Facebook da TikTok ba shaida ba ne, ɗaga haɓa da sauya haske kaɗai na ɓoye reto. Kada a tura kuɗi ta manhajar Bankak kafin a ga likita ido da ido. Mai zuwa Masar ko Turkiyya ta tanadi zaman kusan mako 2 bayan aiki, ta dawo da rahoton likita a rubuce, ta kuma san wanda zai ci gaba da duba ta a gida. Araha ba ta ado.

10. A auna da addini, a auna da aljihun gida

Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ta tattauna tiyatar gyaran jiki a zamanta na Putrajaya, Malesiya, a 2007. Ta halatta gyaran aibin da cuta, ƙuna ko haɗari ya jawo, da wanda ke cutar da mutum a jiki ko a rai. Ba ta halatta sauya halitta don son zuciya ba, ta kuma taƙaita cire tamoji da tiyata ko allura ga abin da ya zama lalura. Ki kai wa malami bayanin halinki kamar yadda likita ya bayyana shi. Sannan a zauna da maigida a yi lissafi. Gidan da ke gyaran rufi da biyan kuɗin makaranta bai kamata ya ci bashi ko ya sayar da gwal don aikin da zai gushe cikin wata 4 ba. Maigida da uwar miji da ƙawaye su ma su kiyaye harshe, domin gori ne ke tura mace wurin mai ƙwaya.

'Yar'uwa, ki bi abin daki-daki: awo tukuna, sai abinci da haƙurin watanni, sai kariya daga rana, sannan ganin ƙwararren likita idan har yanzu abin na damunki. Iyaye mata kuma a sa ido kan robobin mai da ƙwayoyin da ke shigowa ɗakin 'yan mata, musamman idan biki ya matso. Duk wanda ya ce zai ɗaure miki fatar wuya cikin mako ɗaya da mai ko ƙwaya, kuɗinki yake so, ki riƙe abinki. Allah ya ƙara mana lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.