Fentin Kabad: Abin da Ya Kamata Maigida da Uwargida Su Sani

Idan kaka ta yi, gero da dawa suka shiga rumbu, aka kai gyaɗa da wake kasuwa, sai hidimar biki ta kankama a ƙasar Bichi da Dambatta da Tsanyawa da Kunchi. Lokacin ne kafinta ba ya samun barci. Wani uban zai sa a ƙera wa 'yarsa sabon kabad. Wani kuwa, da aljihu bai kai ba, sai ya fito da tsohon na uwar yarinya a kankare, a shafa masa fenti, ya dawo kamar jiya aka yi shi. Babu abin kunya a nan, tattali ne. Amma a cikin wannan kabad za a jera kwanuka da samira, a ajiye garin kunu da man gyaɗa da sukari, kuma gindinsa ne wurin da yaro mai rarrafe zai fara kamawa ya miƙe. Saboda haka ne muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayani a kan abin da ake shafa masa.

Shafi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu mata sukan jiƙa kwasfar ɗorawa su sami makuba, su yayyafa a daɓe ya yi ƙarfi, ya yi sheƙi. Magina kuma sukan haɗa laso da katsin marina don bango ya jure ruwa. Su sun san abin da ke cikin haɗinsu, domin da hannunsu suka tsinko shi a gona ko suka kwaso a karofi. Mu kuwa gwangwani ake miƙo mana a rufe, launinsa kaɗai muke gani.

Maganar dalma

Mutanen Arewa ba sa bukatar a gaya musu illar dalma. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara kusan 400 suka rasu, bayan an riƙa niƙa duwatsun zinariya masu dalma a tsakar gida, ƙurar tana sauka a ƙasan da yara ke wasa. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. To, wannan dalmar dai ita ce wasu masu haɗa fenti suke zubawa a fentin mai, don launi ya fito raɗau kuma ya bushe da wuri. An fi samunta a ruwan ɗorawa da ja da ruwan lemo da kore, wato launukan da suka fi ɗaukar ido a ɗakin amarya.

Ta fenti ba ta kashewa farat ɗaya kamar ta Zamfara, shi ya sa ba a tsoronta. A hankali take aiki. Fenti ya tsufa ya fara ɓarewa, gefen ƙofar kabad yana gogar ɗan'uwansa kullum, ƙura mai laushi tana zuba a kan leda ko tabarma. Yaro ya dafa, ya kai hannu baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, kuma babu wani ɗan adadi da za a ce ba ya cutarwa. Ƙwaƙwalwa take taɓawa. Sai yaro ya taso da nauyin fahimta, a makarantar allo ana bugu, a firamare ana zagi, a ce daƙiƙi ne, alhali ba haka Allah Ya halicce shi ba. Tana kawo ƙarancin jini da ciwon ciki, idan ta yi yawa har da jijjiga. Mai juna biyu ma tana miƙa ta ga abin da ke cikinta. Ba a gane ta da ido, sai an auna jini a asibiti.

Amurka ta hana amfani da fentin dalma a gidaje tun 1978. Ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke kira ga ƙasashe su bi shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan, wato miligiram 90 a kilo guda na busasshen fenti, kuma hukumar kula da ingancin kaya ta Nijeriya, SON, ta ɗauki wannan ma'auni. Sai dai doka a takarda daban, abin da ke kan tebur a kasuwar ƙauye daban. Gwajin da ƙungiyar SRADev ta Legas ta yi wa fentin mai da ake sayarwa a ƙasar nan ya sami da yawa da suka zarce ma'aunin nesa ba kusa ba.

Wanne za a saya?

Fenti iri biyu ne a taƙaice: wanda ake sirkawa da ruwa, da wanda ake sirkawa da tina ko kananzir. Na ruwa ba kasafai ake samun dalma a cikinsa ba, warinsa kaɗan ne, kuma yana bushewa cikin 'yan sa'o'i. Amma a kula, fentin bango na yau da kullum bai dace da kabad ba. Da an goga tsumma mai laima sai ya biyo tsumman. A nemi na ruwa mai sheƙi wanda aka rubuta cewa na katako ne. Na mai ya fi jure maiƙo da hayaƙi da yawan gogewa, shi ya sa kafintoci suka fi son sa, kuma a nan ne ake bukatar buɗe ido. A sayi gwangwani rufaffe mai sunan kamfani da adireshi da tambarin SON, wanda aka rubuta a jikinsa cewa ba a sa dalma ba. Wanda bai iya karatun boko ba ya tafi da ɗansa ɗan makaranta. Wanda ake aunawa a kwalba ko gwangwanin madara, ba suna ba asali, a bar shi ko da rabin kuɗi ne. Araha ba ta ado.

Idan katakon mai kyau ne, kamar maɗaci, mu a ganinmu asara ce a binne shi da launi. Banish mara launi, shafi biyu ko uku, ya ishe shi, kuma idon katakon zai fito. Cikin kabad kuwa, inda abinci ke zama, ko dai a bar shi haka a shimfiɗa leda mai tsabta, ko a shafa masa na ruwa. Fentin mota da wasu ke fesawa don ƙyalli, a bar wa mota abinta.

Wata al'ada da ya kamata a daina ita ce shafa wa katako baƙin mai na inji don maganin gara. A azara ko dirkar rumfa ma ba a so, balle a ma'ajin abinci. Maganin gara shi ne a ɗora ƙafafun kabad a kan bulo ko dutse, a janye shi kaɗan daga bangon ƙasa, a riƙa leƙa bayansa da damina.

Ƙarko daga shiri yake

Sau da yawa akan zagi fenti, alhali laifin na mai shafawa ne. Kabad ɗin da ya shekara goma yana shan hayaƙin murhu da tiririn miya, maiƙo ya riga ya lulluɓe shi, kuma babu fentin da ke kama maiƙo. A cire ƙofofi da mariƙai, a wanke da ruwan ɗumi da omo, a bar shi ya bushe sarai. Sannan a bi shi da samfefa.

Nan ne haɗari ya fi yawa. Tsohon fentin da ba a san asalinsa ba, a ɗauka yana da dalma. Kada a goge shi a bushe a tsakar gida, inda ake shanya tsaki, kaji na tsattsaga, yara na birgima. A fitar da shi waje, a shimfiɗa buhu ko leda a ƙasa, a riƙa jiƙa samfefar da ruwa don kada ƙura ta tashi. Kada a babbaka shi da wuta don ya yi saurin ɓarewa. Mai aikin ya rufe hanci da baki, ya wanke hannu kafin ya ci abinci ko goro, ya wanke kayan aikinsa daban da na iyali. Yara da masu ciki su yi nesa har a share wurin, a ƙulle ɓarɓashin.

Bayan haka a yi shafin farko, wanda ke riƙe na sama. Idan kabad ɗin na ƙarfe ne, aikin masu walda, a kankare tsatsa a sa shafin hana tsatsa, shi ma a tambaya ko babu dalma. Sai a bi da shafi biyu marasa kauri. Sun fi guda ɗaya mai kauri, wanda samansa zai bushe cikinsa yana ɗanye, ya yi ta yamutsewa. Na mai yana son kwana guda tsakanin shafi da shafi.

Lokaci ma yana da nasa. A watan Agusta laima takan hana fenti kamawa. Da hunturu yana bushewa da sauri, amma ƙura takan manne masa ya yi kaushi kamar bayan kada. A yi aikin da hantsi a zaure ko rumfar da iska ke ratsawa, a yayyafa ruwa a ƙasa tukuna. Kuma bushewar da yatsa ke ji ba ita ce nunar fenti ba. Yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin ya yi tauri sosai. Wanda ya kai wa kafinta aiki ana jibi jere, shi ya jawo amarya ta kwana cikin warin tina, kwanuka suna manne wa katako. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya rage bayan aiki

Bokitin fenti kada ya koma na ɗiban ruwan sha ko dama kunu, komai wankin da aka yi masa. Tsohon katako mai fenti kada ya shiga murhu, domin hayaƙin da tokar duk suna ɗauke da gubar. Tina da kananzir kada a zuba su a kwalbar lemo a ajiye a ƙasa. Yaro ba ya bambancewa. Idan tsautsayi ya sa ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, a garzaya da shi asibiti mafi kusa tare da kwalbar.

Muna roƙon masu unguwanni da limamai da shugabannin kafintoci su isar da wannan magana a masallaci da majalisa, tun kafin bukukuwan bana su kankama. Kai kuma maigida, ranar da za ka ba da aikin kabad, ka ce wa kafinta ya nuna maka gwangwanin kafin ya buɗe shi.