Filin Shawara: Allurar zafin motata ta kwanta

 Ni malamar makaranta ce, ina da Toyota Corolla ƙirar 2006. Kwanan nan allurar da ke nuna zafin inji ta kwanta a kan C, duk nisan tafiya ba ta tashi, sai jefi-jefi ta yi tsalle ta koma. Bakanikena ya ce alheri ne, wai motar ce ba ta zafi. Maigidana ma ya ce in rabu da ita tunda tana tafiya. Ga shi ina son kai yara Kano ganin gida. In kama hanya a haka?

Maman Biyu, Zariya

 Dakata tukuna, kada ki kama hanyar nan. Inji mai lafiya da zafinsa yake aiki, wajen digiri 90, shi ya sa allura ke hawa ta tsaya kusa da tsakiya bayan 'yar tafiya kaɗan. Idan ta kwanta a C, ko dai injin ne ba ya kaiwa zafinsa, ko kuma ita ce ta daina gaya miki gaskiya. Na biyun ya fi tayar mini da hankali, domin inji zai iya tafasa har gasket ya ƙone, ke kuma kina tuƙi ba labari, ga yara a baya.

Ki fara da abin da ba ya cin ko sisi. Da safe, kafin a tayar da mota, ki buɗe marfin lagireto ki leƙa, ki duba robar ajiyar ruwa da ke gefensa. Na ce da safe, don marfin nan ba a taɓa shi in inji na da zafi. Ruwan kan yi tsiri ya salluɓe fatar hannu da fuska. Tsallen da kika ce allurar na yi ne ya sa na matsa a nan. Sensar zafi a cikin ruwa take zaune. In ruwa ya ja baya sai ta koma auna iska, allura ta riƙa sauka da hawa alhali inji na ƙuna. In kin tarar ruwan ya ragu, cikawa kawai ba ta wadatar ba, sai an gano inda yake yoyo, ko tiyo ne, ko lagireto, ko famfon ruwa.

In ruwa cike yake, wajen mai wayarin za ki nufa, wanda ke da na'urar sikanin. A motarki sensa ɗaya ce ke kai wa kwamfutar inji rahoto, daga nan allura ke samun nata. Ya jona na'urar ya karanto zafin da kwamfutar ke gani. Ya nuna 85 ko 90 amma allura na kwance? Laifin yana allon gaban direba ko wayoyinsa. Ya nuna 40 ƙasa da sifiri? Waya ta tsinke, ko soket ya yi sako-sako, ko sensar ta mutu. Kafin a ce ki sayo sabuwa, ya zare soket ɗin ya duba ko ya yi tsatsa kore-kore, sannan ya auna sensar da mita. Mai kyau kan ba da kusan om 2,500 a digiri 20, ta sauko wajen om 300 a digiri 80.

Saura tambaya ɗaya da nake so ki yi wa bakanikenki ido da ido: tamostat na nan kuwa? A garejojinmu an mayar da cire shi al'ada, a ce wai na ƙasashen sanyi ne, a haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyi. Wannan ɗabi'a tana ɓata mini rai. Tamostat ƙofa ce da ke tare ruwa har inji ya ɗumama, na Corolla irin taki yakan fara buɗewa a wajen digiri 82. In an cire shi, ko ya maƙale a buɗe, allura kan faɗi a babban titi ta ɗan ɗaga a cunkoso, mota ta ƙara shan mai, inji ya riƙa cinyewa a hankali. In babu shi, a mayar, a zuba ruwan kulant maimakon na rijiya, a fitar da iskar da ta shiga.

Ki karanta wa maigida wannan amsa cikin ladabi, ku je wajen mai wayarin tare. Sai kin ga allurar ta hau ta zauna a tsakiya da idonki sannan ki loda yara. Allah Ya kai ku Kano lafiya.