Ido da Kyamara: Me Ke Sa Hoton Shafin Littafi Ya Fito Dishi-dishi?

Gabatarwa

A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban rumfuna a Kasuwar Sabon Gari ta Kano. Wannan ya isa ya tuna mana cewa takarda ba ta da garkuwa a gaban wuta, balle gara da yoyon damina. A zaurukan malamai na Fagge da sauran unguwanni akwai littattafan Larabci da na ajami masu rubutun hannu, waɗanda in sun salwanta da wuya a sami madadinsu. Ɗaukar hotonsu da ƙaramar kyamara hanya ce mai araha ta adana su, amma hoton da ba ya karantuwa da shi da babu duk ɗaya ne. Wannan darasi zai nuna yadda ake gane musabbabin dishi-dishi daga kamannin hoton kansa.

Daga ido zuwa kyamara

Tun ƙarni na 11 Ibnul Haisam, mutumin Basra, ya tabbatar a littafinsa Kitabul Manazir cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido. A cikin idon ɗan Adam akwai wani ɗan madubi mai taushi da ke tattara hasken a kan tantanin da ke bayan ido. Idan abu ya matso, wata tsoka takan sa madubin ya ƙara kauri. Madubin kifi kuwa ba ya canza siffa, sai dai a matsar da shi gaba ko baya. Dabarar kifi kyamara take bi, kuma ita ma akwai kusancin da ba ta iya wucewa.

Alamomi huɗu da maganinsu

Bayan an ɗauki hoto, a faɗaɗa shi a kan allon kyamara, a duba tsakiya da kusurwoyi huɗu.

1. Idan shafin ya dushe baki ɗaya, an kusanto fiye da kima. A ja da baya zuwa kamar santimita 50 ko 60, ko a danna maɓallin da ke da alamar fure, wanda aka tanada domin ɗaukar abu na kusa. A lura cewa jawo hoto da zum yakan ƙara tazarar da kyamara ke bukata.

2. Idan wani hoton ya fito tangaram, wani ya dushe, alhali ba a canza komai ba, matsalar ta saiti ce. Yawancin ƙananan kyamarori suna neman iyaka tsakanin baƙi da fari ne kafin su tsai da madubi, don haka farar takarda zalla takan ruɗe su. A auna kan rubutu, a danna maɓallin ɗauka rabi har alamar saiti ta bayyana, sa'an nan a ƙarasa.

3. Idan haruffa sun yi jela ta gefe guda, ko sun zama bibbiyu, hannu ne ya motsa. A ɗaki mai duhu kyamara takan daɗe a buɗe, kuma da zarar lokacin ya wuce kashi 1 cikin 60 na daƙiƙa, rawar hannu na iya bayyana. A ɗaure kyamara a kan mazauni mai ƙafa uku, a sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa 2. A fito inuwar baranda da hantsi, a kashe fitilar kyamara domin ƙyallinta yana shafe rubutu.

4. Idan tsakiya ta fito amma wajen ɗinki ya dushe, shafin ne ya yi doro, ko kyamara ta karkace. Kada a danne littafi da ƙarfi har gadon bayansa ya karye. A buɗe shi rabi, a jingina ɓangare ɗaya da matashi, a ɗauki shafi ɗaya-ɗaya, fuskar kyamara tana daidai da fuskar takarda. Ƙarin haske ma yana taimakawa: kamar yadda ƙwayar ido ke tsukewa a rana, ƙofar hasken kyamara in ta tsuke daga lamba 2.8 zuwa 5.6, na kusa da na nesa sukan fito tare. Littattafan gafaka sun fi sauƙi domin warƙoƙinsu a warware suke, sai dai a kiyaye jerinsu.

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya rufe ido ɗaya, ya matso da wannan shafi a hankali har rubutun ya dushe, abokinsa ya auna tazarar da rula. Ta matashi takan kasance kusan santimita 10. A auna ta malamin da ya haura shekara 40, za a ga ta fi haka nesa ba kusa ba, domin madubin ido yana taurara da shekaru. Daga nan a yi wa kyamara irin wannan awo, a rubuta sakamakon a manna a jikinta.

Kammalawa

Ƙa'idar ita ce: kada a mayar wa malam littafinsa sai an karanta layin ƙarshe na kowane shafi a cikin hoton. Rigakafi ya fi magani.